Allon Zane Ko Laftof Mai Juyawa: Yadda Mai Aiki Daga Gida Zai Zaɓa

Duk wanda aikinsa ya koma ta intanet, kuma aikin yana son rubutu ko zane da hannu, ba ya daɗewa yake gane cewa linzamin kwamfuta ba zai kai shi ba. Malamin lissafi da ke koyarwa ta Zoom, mai koyar da yara rubutun Larabci, mai zana tambarin kamfanoni, mai tsara ɗinki da surfani, injiniyan da ke gyara taswirar gini, duk sukan iso ga tambaya guda: in sayi allon zane ne, ko in sayi laftof mai juyawa da ake rubutu a fuskarta, wato sikirinta?

Abin da za ka fara riƙewa shi ne waɗannan biyun ba tsaran juna ba ne. Allon zane kayan haɗi ne, ba ya komai sai an jona shi da wata na'ura, galibi kwamfuta. Laftof mai juyawa kuwa kwamfuta ce sukutum, da batirinta da kibod ɗinta da kyamararta, alƙalamin ƙari ne aka yi mata. Masu yin da-na-sani a wannan ciniki, yawanci daga nan suka ɓata: wani ya sayi sabuwar kwamfuta alhali alƙalami kawai yake buƙata, wani kuma ya sayi allo mai tsada ya jona shi da kwamfutar da numfashinta ya kusa ƙarewa.

Kayan da ke kasuwa iri uku ne. Akwai allo marar fuska, farantin roba ne da kake zane a kansa idonka yana kan fuskar kwamfuta, irin su Wacom Intuos, Huion Inspiroy da XP-Pen Deco. Akwai allo mai fuska, wanda kake ganin layin yana fita ƙarƙashin bakin alƙalami, irin su Wacom Cintiq, Huion Kamvas da XP-Pen Artist, amma shi ma sai da kwamfuta a bayansa. Sai laftof mai juyawa, wadda murfinta ke zagayawa har ya kwanta a bayan kibod: Lenovo Yoga da ThinkPad X1 Yoga, HP EliteBook x360 da Spectre x360, da Dell Latitude masu lambar 2-in-1. Surface Pro ta Microsoft 'yar wannan gida ce, sai dai ita kibod ɗin ake cirewa gaba ɗaya.

Mataki na farko: duba kwamfutar da ke hannunka

Kada ka fara da kasuwa, fara da teburinka. In Windows kake amfani da ita, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ka shiga sashen Performance. Abu uku za ka duba: yawan RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe ayyukan da ke buɗe, sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da irin ma'ajiyar, SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa. In kana da RAM 8GB da SSD, kwamfutar za ta ɗauki koyarwa, rubutu a kan PDF da zane mai sauƙi. In Photoshop ko Illustrator kake buɗewa da manyan fayiloli, kuma Zoom yana kunne a gefe, 16GB ne abin nema.

Idan kwamfutar tana da lafiya, rabin shawara ta yanke kanta: allon zane za ka ƙara mata, kuɗin da ya rage ka zuba shi a wuta da data. Idan kuma dama ta tsufa, batirin ya mutu, kana shirin canja ta ko da babu maganar zane, to a nan ne laftof mai juyawa ta cancanci shiga lissafi.

Masu aiki da kwamfutar da kamfani ya aiko musu su tsaya nan su yi tambaya. Allon zane yana buƙatar a saka masa manhajarsa ta direba, wadda ke haɗa shi da kwamfuta, kafin ya ji nauyin hannu yadda ya kamata, kuma kamfanoni da yawa sukan kulle kwamfutocinsu, ba ka isa ka saka komai ba sai da izinin sashen fasaha. Ka tura musu sunan allon da lambarsa kafin ka saya. In kuma aikin naka a kan MacBook yake tafiya, ba ka da dogon tunani, domin fuskarta ba ta karɓar alƙalami. Allo za ka jona mata.

Mataki na biyu: rubuta abin da hannunka yake yi a mako guda

Ɗauki takarda, ka bi aikinka na mako ɗaya, duk inda ka ji da ma da alƙalami a hannunka ka rubuta: me kake son yi, minti nawa zai ɗauka, a ina kake zaune. Ƙarshen mako za ka ga ka faɗa ɗaya daga cikin rukuni uku.

Rukunin farko masu alama ne. Sa hannu a takarda, ja layi ƙarƙashin jimla, zagaye kuskure a taswira, rubuta bayanin taro. Alƙalamin yana shigowa sau da yawa amma minti biyu-biyu. Wannan aikin laftof mai juyawa ne. Ka juya murfi, ka yi alamarka, ka mayar, ba waya ba komai. Wanda zai ciro allo daga jaka ya jona don sa hannu ɗaya, bayan mako biyu zai daina cirowa.

Rukuni na biyu masu koyarwa ne, kuma su ne suka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe a nan. A ido, laftof mai juyawa ta fi dacewa da malami: ga fuska, ga alƙalami, rubuta kawai. Amma kyamarar tana manne a saman fuskar. Da zarar ka kwantar da ita a tebur don ka yi rubutu, kyamara ta koma kallon silin da fanka, in ta yi kirki ta nuna haɓarka daga ƙasa. In ka tsayar da fuskar don ɗalibai su ga idonka, rubutu ya zama wahala, hannu a sama, murfi yana rawa duk lokacin da ka danna. Ga kibod ya koma ƙasa, ba ka iya amsa tambayar da ɗalibi ya rubuto sai ka sake juyawa. Ana magance wannan da ƙarin kyamara ta waje, ko a shiga ajin da waya a matsayin kyamara, amma ka ga kaya sun fara yawa, data ma ta ninku.

Ƙaramin allo marar fuska ba ya da wannan matsala ko kaɗan. Laftof tana tsaye yadda ta saba, kyamara tana daidai fuskarka, kana rubutu a tebur idonka yana gaba, ɗalibi yana ganin kamar shi kake kallo. Ga malamin da ke da tebur guda da yake zama kullum, ko lissafi yake koyarwa ko haɗa baƙaƙe da wasula na Larabci da ajami, ni allon nan zan ce ya saya, kuma mafi arha a cikin kayan nan ukun shi ne.

Rukuni na uku masu zane ne na sosai, waɗanda ke shafe awa uku ko biyar alƙalami bai bar hannunsu ba: zanen littattafan yara, zanen barkwanci, gyaran hoto mai zurfi, sassaƙar siffofin 3D a manhajar Blender. Su ingancin alƙalami ne abincinsu, kuma hannunsu na hagu ba ya barin kibod, Ctrl da Z, ƙara girman buroshi, zuƙo hoto. Laftof da aka naɗe ta ɓoye kibod ɗin, sai an nemo wani na waje. Allon zane ne nasu, marar fuska ko mai fuska gwargwadon aljihu.

Akwai kuma waɗanda takardar za ta nuna musu ba sa buƙatar ko ɗaya. In aikinka fosta ne da katin biki da kalanda a CorelDRAW ko Canva, jera rubutu da hotuna kake yi, linzami mai kyau da babbar fuska sun fi maka amfani.

Mataki na uku: gane alƙalamin kafin ka gane na'urar

Alƙaluman nan ba iri ɗaya ba ne, kuma masu shago ba kowa ne ya san bambancin ba. Allunan zane suna amfani da fasahar da ake kira EMR, wadda kamfanin Wacom na Japan, da aka kafa a 1983, ya yi suna da ita. Allon ne ke ba alƙalamin ƙarfi ta iska, don haka babu batir a cikinsa, ba caji, ba nauyi. Huion da XP-Pen na yanzu duk haka suke. Irin wannan alƙalami yana jin taɓi mai sauƙi, layinsa yana fita sumul.

Yawancin laftof masu juyawa kuwa alƙalami mai batir suke amfani da shi, kuma gida-gida ne, kowane gida da tsarin da alƙalaminsa ke magana da fuska. Akwai AES na Wacom, wanda ke cikin ThinkPad X1 Yoga da EliteBook x360 da Latitude da yawa. Akwai MPP na Microsoft, na Surface da wasu HP da Asus. Akwai USI na Chromebook. Alƙalamin wannan gida ba lallai ya yi aiki a wancan ba. Abin da ya fi haka ciwo, ba kowace fuska mai karɓar yatsa ke karɓar alƙalami ba. Akwai masu juyawa da yatsa kawai suka sani, sai dai irin alƙalamin nan mai kan roba da ba ya jin nauyin hannu. Saboda haka ka nemo cikakkiyar lambar laftof ɗin, ka duba a shafin kamfanin wane alƙalami take karɓa. Wacom Bamboo Ink yana jin AES da MPP duka, yana ceton wanda ya rasa na asali. Galaxy Book masu juyawa na Samsung su ne suka fita daban, S Pen ɗinsu EMR ne, ba batir.

Maganar batir ba ƙarama ba ce. Alƙalamin Surface na da, da wasu na HP da Dell, batir AAAA suke ci, siririn nan da ya fi na rimot ƙanƙanta, wanda ba kowane mai kanti ya taɓa gani ba. In irinsa za ka saya, ka haɗo da batura na ajiya tun daga shagon. Na X1 Yoga yana da raminsa a jikin laftof ɗin, a nan yake caji, sai dai siriri ne, yana gajiyar da yatsu in rubutu ya yi tsawo.

A kan kwali za ka ga an rubuta matakan nauyin hannu 4096, ko 8192, har da 16384 a wasu sababbi. Kada wannan lamba ta ja ka. Daga 4096 zuwa sama, hannun mutum da wuya ya rarrabe. Abin da hannu ke ji abu biyu ne: yawan dannawar da alƙalami ke buƙata kafin ya fara fitar da layi, da kuma ko layin yana tafiya miƙe. Na biyun yana da gwaji mai sauƙi. Ɗora rula ta roba ko ta katako a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, ka ja layi a hankali ƙwarai. A allon EMR layin zai fito miƙe. A laftof masu juyawa da yawa, musamman tsofaffi, za ka ga yana 'yar rawa kamar igiyar ruwa. Mai rubutu da sauri ba zai taɓa lura ba. Mai zanen da ke bin layi a tsanake kuwa zai yi ta gogewa yana sakewa.

Mataki na huɗu: lissafa wuta da wurin zama

Mai aiki daga gida a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba ya zaɓen na'ura ba tare da tunanin wuta ba. Allo marar fuska abin da yake ja daga USB bai taka kara ya karya ba, batirin laftof ba zai ma san yana nan ba. Allo mai fuska kuwa fuska ce ta biyu da ake haskawa. In daga laftof yake shan wuta, zai rage mata awannin batir a fili, manyan kuma masu inci 22 ko 24 sai da soket nasu. Wanda ke unguwar da ake ɗauke wuta rabin yini, ba sola ba inbata, ya yi tunani sau biyu kafin ya sayi mai fuska.

Laftof mai juyawa a nan tana da maki. Furosesarta mai ƙarancin cin wuta ce, batirinta yakan kai watt-awa 45 zuwa 60 in sabo ne, kuma yawancinsu ta USB-C suke caji. Fawa banki mai 20,000mAh yana ɗauke da kusan watt-awa 74, in yana iya fitar da watt 65 zai kusa cika ta sau ɗaya. Ga wanda ke yawo tsakanin gida da shago da cibiyar da ake biya a zauna a yi aiki, ko mai tafiye-tafiye, abu ɗaya a jaka mai nauyin kilo ɗaya da 'yan kai ya fi laftof da allo da wayoyi uku.

Sai dai siririn jikin nan yana da farashinsa. A watan Afrilu, ɗaki ba iska, Zoom yana kunne kana raba fuska, laftof siririya takan yi zafi ta rage gudu da kanta, kuma tafin hannunka yana kan gilashin da ke ɗumama. Manyan ayyukan bidiyo da Blender ba nata ba ne, domin yawancinsu ba su da katin hoto na daban.

In allo mai fuska ka nufa, juya laftof ɗinka ka duba ramukanta. Ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba. Nemi alamar walƙiya ta Thunderbolt ko alamar DP a gefensa. In babu, sai da HDMI da wayar nan mai kai uku, ɗaya na hoto, ɗaya na alƙalami, ɗaya na wuta. Tebur yana cika da waya, amma tana aiki.

Wuya da baya ma suna cikin lissafi. Mai zane a fuska, ko ta allo ko ta laftof, kansa a sunkuye yake yini. Mai allo marar fuska yana zaune miƙe. Duk mai zane a fuska ya nemi abin tokarewa da zai ɗaga ta kaɗan.

Mataki na biyar: launi, ga wanda launi ya shafa

Malami da mai sa hannu su tsallake nan. Mai zanen da ke tura aiki ga abokin ciniki a waje ko gidan buga takardu ya duba abin da aka rubuta game da fuskar: in an ce tana nuna kusan kashi 100 na sRGB, ko 72 na NTSC (ma'aunai ne na yawan launukan da fuska ke iya nunawa), ta yi. In 45 na NTSC aka rubuta, launukanta a koɗe suke, jan da ka gani ba shi abokin ciniki zai gani ba. Masu juyawa masu arha da yawa irin wannan fuskar gare su. Allo mai fuska na zamani yawanci ya wuce wannan matsayi, kuma wani lokaci shi ne hanya mafi sauƙi ta samun fuska mai gaskiya ba tare da canja kwamfuta ba.

Mataki na shida: lissafa kuɗi har da ranar lalacewa

Farashin naira yana motsi da dala, don haka ka riƙe tazarar da ke tsakani kawai. Ƙaramin allo marar fuska na Huion ko XP-Pen ba ya kai dala 60. Mai fuska na inci 13 yana tsakanin dala 200 da 300. Sabuwar laftof mai juyawa ta kirki ta ninka wannan sau da yawa, shi ya sa yawancin mutane tokumbo suke nema. Ka tambayi ko alƙalami yana cikin kuɗin, domin Surface Pro kibod daban ake sayarwa, alƙalami daban, kuma tokumbo da yawa sun iso ba alƙalaminsu.

Yanzu ka yi tunanin ranar da abu zai lalace ana saura kwana biyu ka miƙa aiki. In allo ya mutu, kwamfutarka tana nan, ka lallaɓa da linzami ko ka ari na wani. In fuskar mai juyawa ta fashe, ko hinjinta ya karye, ofis ɗinka gaba ɗaya ya tafi wurin mai gyara, kuma gilashinta da fuskarta a manne suke, tare ake canja su, da tsada. Surface na da a manne suke da gam, buɗe su ma kasada ce. Ga RAM: a X1 Yoga da EliteBook x360 1030 da duk Surface a narke yake a jikin allon uwa, wato motherboard, ba a ƙarawa. In ka sayi mai 8GB, da shi za ku rabu. Allon zane kuwa yakan ga bayan laftof biyu ko uku, bakin alƙalami kawai ake canjawa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Wanda ko kwamfuta bai mallaka ba tukuna, yana son ya gwada hannunsa, allunan Huion da XP-Pen marasa fuska da dama suna aiki da wayar Android ta mahaɗin OTG, ɗan kan da ke ba da damar jona kayan USB da waya. Ba yanayin ƙwararren aiki ba ne, amma ya isa ka gane ko zanen zai zauna maka.

Mataki na bakwai: gwaji a gaban mai shago

Ko Farm Centre ka je a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka tafi da rula, da alƙalamin da ya dace in kana da shi, kuma kada ka ji kunyar zama. Ka ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri in zauna da ita minti ashirin." Wanda ya ƙi, ka ƙara gaba.

Ga laftof mai juyawa, fara da furosesa. Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana son Intel zubi na 8 zuwa sama. Lambar farko bayan karan ɗori ita ke faɗa (daga zubi na 10, lambobi biyu na farko): i5-7300U zubi na 7 ne, i5-8350U na 8. Saboda haka EliteBook x360 1030 G2 da X1 Yoga ta biyu da Surface Pro ta 2017 sun faɗa ƙasan layi, G3 da X1 Yoga ta uku da Surface Pro 6 yawancinsu sun haye. In ka ga Windows 11 a kan zubi na 7, ta ɓarauniyar hanya aka saka ta, kuma kamfanin da ke duba tsaron kwamfutocin ma'aikatansa zai iya ƙin ta.

Sai batir. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe fayil ɗin da ya fitar, ka gwama Design Capacity (abin da batirin ke ɗauka yana sabo) da Full Charge Capacity (abin da yake ɗauka yanzu). In na biyun ya faɗi ƙasa da kashi 70 na na farkon, a rage maka kuɗin sabon batir. Kalli na'urar ta gefe: in gilashi ya ɗan ɗago ko wurin linzami ya kumbura, batir ne ya kumbura a ciki, bar ta.

Juya murfin a hankali har ƙarshe ka dawo da shi, sau uku ko huɗu. Kada ya yi ƙara, kada fuska ta yi ƙyafta, kuma ya tsaya duk inda ka sake shi. Buɗe Paint ka cika fuskar da layuka, tsaye da kwance, har gefe-gefe da kusurwoyi, domin inda layi ya yanke a nan gilashin ya mutu. Ɗora tafin hannunka kana rubutu ka ga ko yana barin tabo. Yi gwajin rula. Kunna kyamara da makirfo, su ne rabin aikin nesa. Daga ƙarshe kashe ta ka shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa da maɓalli lokacin kunnawa: F10 a HP, F1 a ThinkPad, F2 a Dell. In ta nemi kalmar sirri, ko ka ga sunan wani kamfani yana fitowa lokacin saita Windows, kwamfutar tana ɗaure da tsohon mai ita, kada ka karɓi alkawarin "za a cire maka".

Ga allon zane gwajin gajere ne. Duba kwali akwai alƙalami, waya da bakunan canji. Jona shi, ka kai alƙalami kusurwoyi huɗu, ka ja layi daga sauƙi zuwa nauyi ka ga kaurinsa yana ƙaruwa a hankali ba tsalle ba. Girgiza wayar a bakin ramin, in yana yankewa ramin ya saki. In mai fuska ne, buɗe farin shafi da baƙi ka nemi ɗigon da ya mutu, sannan ka duba ko layin yana fita daidai bakin alƙalami har a gefe. Batun girma: mai inci 6 da 4 ya ishi malami da laftof ƙarama, mai zane da babbar fuska ya ɗauki mai inci 10 da 6.

Mataki na takwas: saiti a ranar farko

In allo ka kawo gida, cire duk wani direban allo da ke kwamfutar tukuna, domin na Wacom da na Huion ba sa zama ɗaki ɗaya. Sauko da sabo daga shafin kamfanin, ka sake kunna kwamfutar. A cikin saitin, ɗaure allon da fuska guda in kana da biyu, sannan ka kunna zaɓin da ke daidaita tsawo da faɗin allon da na fuskar. In ba haka ba, ka zana da'ira ta fito kamar ƙwai. Sassauta nauyin hannu har layi ya riƙa fita ba sai ka danna da ƙarfi ba, wannan yana ceton bakin alƙalami da wuyan hannu. Maɓallan jikin alƙalami biyu, ka ba ɗaya aikin komawa baya, ɗayan magogi.

Kwanakin farko da allo marar fuska hannu zai yi ta ɓata, domin kowane wuri a allon yana da takwaransa a fuska, ba a jan sa kamar linzami. Maganin shi ne ka jefa linzamin a durowa, ka yi komai da alƙalami, har buɗe fayil da karanta saƙo. Yawancin mutane cikin mako ɗaya ko biyu hannu yake sabawa. Kada ranar farko ta zama ranar aji ko ranar miƙa aiki.

In nauyin hannu ya ƙi aiki a wata manhaja, kafin ka zargi na'urar ka duba akwatin Windows Ink a cikin direba, ka kunna ko ka kashe ka sake gwadawa. Krita, manhajar zane wadda kyauta ce, tana da zaɓi tsakanin WinTab da na Windows a saitinta na allo; mai laftof mai juyawa ya zaɓi na Windows. Malami ya buɗe OneNote ko Xournal++ ya raba wannan tagar ita kaɗai a Zoom ko Google Meet, don saƙonninsa na sirri kada su faɗo gaban ɗalibai, kuma ya ƙara kaurin layi, domin yawancin ɗalibai a waya suke kallo.

Mai laftof mai juyawa ya shiga saitin Pen and Windows Ink ya faɗa mata hannun da yake rubutu da shi, ya kunna zaɓin ƙin karɓar yatsa lokacin da alƙalami ke aiki. Ya nemi safar zane mai rufe yatsu biyu saboda gumi, da ƙaramin kibod na Bluetooth in zai daɗe tana naɗe. Lokacin hunturu, kowa ya goge allo ko gilashi da ƙyalle mai laushi kafin ya ɗora alƙalami, domin ƙurar da ke kwance a kai ita ke karce fuska tana cinye baki. Da ka ga bakin ya lafe gefe guda ko ya fara kaifi, ka zare shi da ɗan zoben da ke cikin kwali ka saka sabo.